A riƙa faɗa wa maniyyata ainihin tsawon tafiyar Yamai zuwa Jidda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana kan abin da ake ɗauka ƙarami alhali yana wahalar da tsofaffinmu, wato yadda ake bayyana wa maniyyata tsawon tafiyar Yamai zuwa Jidda.

Bara mahaifiyata ta tafi umra daga nan Tawa. Wanda ya sayar mana da tikiti ya ce mata tafiyar awa biyar ce, ita kuwa ta ɗauki maganar yadda aka faɗa mata, ta sa maganin hawan jininta cikin babban akwati, ta riƙe ƴar jaka da carbi da dabino kaɗan. Ashe jirgin mai yada zango ne a Addis Ababa. Ta kwana zaune a kan kujera, ƙafafunta suka kumbura, maganin kuma yana can cikin kaya inda hannunta ba ya kaiwa.

Awa biyar ɗin ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce. Tsakanin filin jirgin Diori Hamani da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 4,000 a miƙe, kuma jirgin fasinja da ke gudun wajen kilomita 850 a awa yakan cinye wannan tazara cikin awa biyar ko sama da haka kaɗan. Sai dai miƙaƙƙiyar hanyar ta bi ta saman Cadi da Sudan ne, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da yawa suke kauce wa sararin samaniyarta, kewayen kuwa yana ƙara lokaci. Wanda ya bi ta Addis Ababa sai ya yi kusan kilomita 4,000 kafin ya isa can, sannan ya ƙara wasu 1,400 zuwa Jidda, ban da zaman jiran jirgi na biyu.

Akwai kuma batun agogo, wanda shi ya fi rikita mutane. Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu, lokacin saukar da ke rubuce a tikiti kuwa na can ne, saboda haka iyali sukan yi kuskuren lissafi, matafiyi kuma sai ya ga la'asar ta riske shi tun yana zaton azahar ce. Mai sauka Jidda da niyyar wucewa Makka yana bukatar sanin sa'ar da jirgi zai daidaita da miƙati domin ya shirya haraminsa tun da wuri.

Mu mutanen Adar tafiyarmu ma ba daga Yamai take farawa ba. Sai mun yi kimanin kilomita 550 a mota ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wuni guda ke nan, kafin mu ga jirgi da idonmu, bayan sauka kuma da sauran wajen kilomita 80 zuwa Makka.

Roƙona shi ne, kafin jigilar alhazan bana, jaridarku ta buga wannan lissafi dalla-dalla da Hausa, ta kuma nemi masu shirya tafiya su riƙa faɗa wa kowane maniyyaci inda jirginsa zai tsaya, da awa nawa zai jira, da abin da ya kamata ya riƙe a hannunsa, musamman magani.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Tawa