Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Ajin Koyon Rubutun Thai Na Yaranmu Masu Galahanga

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye mazauna Bankok.

Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta yi a 2024, wato 2567 a lissafin mutanen Tailan. Kusan duk ƙarfinmu ya tafi ne kan ajin rubutu na ranar Asabar, wanda muka buɗe a watan Mayu da komawar makarantu.

Kun san abin da ya kawo mu nan. 'Ya'yanmu suna makarantun Thai, inda ake ba su aikin kwafar rubutu da ake kira "kat lai mue". Baƙaƙen Thai 44 ne. Wasula kuma suna zama a gaba, a baya, a sama ko a ƙasan baƙi, ga alamomin karin sauti guda 4, kuma ba a raba kalma da kalma. Yaron da riƙe fensir ma yake masa wuya, shafi guda kan kai shi ga kuka.

Abin da ya fi ba mu aiki shi ne ɗan zagayen da ake fara yawancin haruffa da shi, wanda suke kira "hua", wato kai. Tsakanin ถ da ภ, ko ผ da พ, babban bambancin shi ne ko zagayen yana ciki ko yana waje. Da farko mun yi kuskure, muka bi jerin littafi tun daga "ko kai", harafin kaza. Yara suka gundura. Sai malamarmu ta ajiye fensir, ta kawo faranti cike da yashi. Makonni muka yi ana zana zagaye kaɗai da yatsa, dama da hagu, kafin a taɓa takarda. Daga baya muka sa ɗigon kore a inda harafi yake farawa, ja a inda yake ƙarewa.

Akwai yaro guda da ba ya yarda a taɓa masa hannu. Mahaifiyarsa ta lura yana son kifi, aka fara masa da ป, "po pla", harafin kifi. Ranar da ya ja doguwar jelar harafin da kansa, ya tura mata farantin ta gani, ni kaina sai da na yi ƙwalla.

A ranar 2 ga Afrilu mun yi zaman iyaye don Ranar Galahanga ta Duniya. Mun kuma raka wasu iyalai Cibiyar Rajanukul, mai kula da yara masu matsalar ci gaban ƙwaƙwalwa, da ke unguwar Din Daeng a Bankok, tare da mai fassara.

Inda muka gaza: da damina ta kankama, ruwa da cunkoson motoci suka sa zuwa aji ya ragu, kuma yaran nan fashi ɗaya yana mayar da su baya sosai. Iyaye maza, don Allah, har yanzu iyaye mata ne ke ɗauke da nauyin. Kuɗin wata-wata ma wasu ba su cika ba; ma'aji zai karanta lissafi a taro.

A 2025 za mu shiga wasulan sama da ƙasa, kuma muna neman wanda zai ba mu aron ɗaki marar hayaniya kusa da tashar jirgin ƙasa na cikin gari, wato BTS.

Sakataren ƙungiya