Godiya ga Likitocin Dabbobin Thurso

Zuwa ga likita da ma'aikatan asibitin dabbobin da suka karɓe mu a garin Thurso, arewacin Sikotlan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na san ba ku jin Hausa, 'yata ta yi alkawarin fassara muku. Da harshena na rubuta don 'yan uwana ma su karanta, ko da yake na san wasunsu za su yi dariya su ce dattijo ya tsufa a Turai har yana rubuta wasiƙa saboda kare.

Ba zan ga laifinsu ba. A Zariya inda na tashi, kare na mafarauta ne ko na gadi, iyakarsa ƙofar gida. Karena Moss ya zo hannuna ne ta wajen maƙwabcinmu a Gilasgo, wani tsoho da ya yi kiwon tumaki a ƙuruciyarsa, wanda nakan leƙa in duba idan na taso daga aikin jinya. Da ciwonsa ya tsananta sai ya roƙe ni kada in bari a kai karen gidan ajiye dabbobi. Na amsa. Amana kuwa ba ruwanta da ko ta mutum ce ko ta dabba. Yana da shekara 9 a lokacin, yanzu 14 yake, ga ciwon gaɓoɓi, ga ƙoda da aka ce ta fara gazawa.

Da na yi ritaya sai muka sayi tsohuwar motar kwana, irin mai gado da ɗan kicin a ciki, ni da Hajiya muka kama hanyar da ake kira North Coast 500. An buɗe ta a 2015, tana tashi daga Inverness ta zagaye arewacin ƙasar ta dawo, tsawonta mil 516. Mutane kan gama ta a mako guda. Mu mako shida muka ɗiba, domin tsohon kare ba ya jure dogon zama a mota, kuma mai ciwon ƙoda shan ruwa yake yana fitsari ba ƙaƙƙautawa. Mil 20 ko 30 a rana, sai mu tsaya. Hawan dutse na Bealach na Bà ma kauce masa muka yi, tunda akwai gargaɗi ga manyan motoci a gindinsa. Moss yana da lungunsa kusa da ƙofa, da kwanukansa daban, da katakon da na haɗa masa don hawa da sauka.

A kusa da ƙauyen Tongue abin ya faru. Watan Yuni ne, lokacin da dare a can bai wuce leƙowa ya koma ba. Na tashi sallar asuba sai na ji faɗuwar abu. Na haska na gan shi a ƙasa, kansa a karkace, ƙwayar idonsa tana ta kai da komo, yana yunƙurin tashi yana sake faɗuwa, ga amai. Shekara 26 na yi a ɗakunan majinyata, na ga shanyewar ɓarin jiki ba adadi, don haka nan take na yanke hukunci a raina cewa ta ƙare. Sai da na hau wani tudu kafin waya ta samu layi. Likita, ke kika ɗauka, kuma daga baya na ji cewa dawowarki ke nan daga wata gona inda haihuwar saniya ta zo da gardama. Kika ce mu taho. Sama da mil 40 ne, wani ɓangaren a siririn titin da mota ɗaya ke bi, ga tumaki kwance a kan kwalta ba su da niyyar tashi.

Abin da ya fara kama zuciyata shi ne ba ki ce a ɗauko shi ba. Motar kika shigo, kika durƙusa a lungunsa. Kika duba idanu da kunnuwa, kika lanƙwasa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya kina kallon ko zai mayar da su daidai. Ni kuwa na riga na ce miki in dai lokacinsa ya yi, a yi masa allurar da za ta hutar da shi. Kika ce in saurara. Kika bayyana mana cewa a can cikin kunne akwai abin da ke daidaita tsayuwar jiki, kuma a tsofaffin karnuka yakan rikice haka kawai, sai kare ya ji duniya tana juya masa. Jiri ne mai tsanani. Yawancinsu sukan fara samun sauƙi cikin kwana uku, su warware cikin mako biyu zuwa uku. Kika ce mu ba shi zuwa Alhamis.

Sannan kika tambayi magungunan da yake sha, kika ce a dakatar da na ciwon gaɓoɓin muddin ba ya ci ba ya sha, domin irinsa yana wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe. Kunya ta kama ni. Na sha faɗa wa majinyata wannan magana, amma ranar tsoro ya ɗauke min ita gaba ɗaya. Aka yi masa allurar tsayar da amai, aka ƙara masa ruwa, aka ɗibi jini. Da sakamako ya fito ba ki yi mana kara ba: jirin zai wuce, amma ƙodar ta ƙara lalacewa, watanni ake magana ba shekaru ba. Na gode da wannan gaskiyar fiye da komai.

Baiwar Allah da ke kan teburin karɓar baƙi ita ta kira asibitinsa na Gilasgo aka turo tarihin jinyarsa kafin hantsi, ita kuma ta samo mana filin kwanan motoci mai wutar lantarki a kusa. Kowane abu sai an faɗa mana kuɗinsa kafin a yi shi. Mai jinyar dabbobin ta cire masa kaska biyu, ta ba mu ɗan maƙatar cire su, ta nuna mana yadda ake zarga tawul ta ƙarƙashin cikinsa a tallafe shi ya fita fitsari. Ta kuma koya mana yi masa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, da ledar a rataye a hannun kabad ɗin kicin. Hajiya, wadda shekara biyar ba ta taɓa shi ko da yatsa ba, ita ta riƙe kansa. Da na tsokane ta sai ta tuna min da mutumin nan da Allah ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a takalminsa.

Ranar Alhamis ya miƙe da kansa, yana tangaɗi kamar yaron da bai gama koyon tafiya ba. Bayan kwana takwas ya taka rairayin bakin tekun Dunnet. A hanyar Dunnet Head, ƙarshen babban tsibirin Birtaniya ta arewa, ya hango tumaki, sai ya sunkuyar da ƙirji ƙasa ya kafe su da ido yadda jinsinsa na karnukan kiwon tumaki ke yi. Da ba don igiyar da ke hannuna ba, da ya gwada.

Mun gama zagayen mun dawo gida lafiya. Har yanzu kansa a ɗan karkace yake kamar mai sauraron gulma, kuma kin ce wataƙila haka zai zauna. Hajiya ta soya muku cincin, yana hanya ta gidan waya. A ci da shayi, a rage wa masu aikin dare.

Naku da girmamawa,
Tsohon ma'aikacin jinya daga Gilasgo