Wasiƙa daga Tawa zuwa ga aminina a Abijan

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali da kasuwa? Mu nan Tawa lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa mu gaba. An kwashe albasa, ta faɗi warwas kamar yadda ta saba a watan Afrilu, shi ya sa na zuba tawa a rudu ina jiran ta yi daraja. Inna ta ji sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida da sandarta.

Saƙonka na murya sau uku na saurare shi. Ka ce an gaya maka na juya wa mutumin namu na Yamai baya, kuma abin ya dame ka, tun da mu uku a fada ɗaya muka tashi, butar shayi ɗaya muka sha. Na ga gara in rubuto, don a waya zuciya ba za ta bar ni in yi bayani a tsanake ba.

Shekara 9 ke nan da komawarsa Yamai. Ka san hanyar, ta Kwanni da Dogon Dutsi da Doso, wajen kilomita 550. Ban taɓa bin ta na isa gidansa hannu rabbana ba, ko buhun albasar Galmi ko gero. Aurensa na je, sunan 'ya'yansa biyu na je. Shi kuwa kiransa iri ɗaya ne: ya buga ya katse, ni in kira, kafin mu gama gaisawa sai "wallahi ina cikin wani hali". Yau jika 20, gobe jika 50. Ko sau ɗaya ban rubuta ba, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Kunya ce ta hana ni, ni kuma na riƙa kiran ta amana.

A watan Janairu muka kai Inna Yamai aka yi mata aiki. Kwana 11 na yi a farfajiyar gidan likita, kan tabarma, cikin sanyin hunturu, takalmina ne matashina. Daga gidansa zuwa wurin bai kai rabin awa a kabu-kabu ba. Na kira shi sau huɗu. Wata baiwar Allah da mijinta ke kwance kusa da ɗakinmu ita ce ke zuba mana kunu kowace asuba, ba ta ma san sunana ba, "ɗan Tawa" take ce mini. A kwana na 9 ya turo rubutu: "Allah ya sawwaƙe." Shi ke nan.

Mako uku da dawowarmu sai ga kiransa, babur ɗinsa ya lalace, yana neman jika 75. Bai tambayi jikin Inna ba. Ina zaune ƙofar gida, shayi yana tafasa har ya zubo kan garwashi, ban iya miƙa hannu na sauke ba. Da can sai in yi ƙarya in ce babu, ko in ranto in ba shi. Ranar na ce: "Akwai, amma ba zan bayar ba. Na kwana 11 a garinku ban ga ƙafarka ba." Muryata tana rawa na faɗa. Ya yi shiru, ya ce ashe haka na zama, ya katse.

Daren nan ban runtsa ba. Washegari na sami malamin unguwarmu bayan sallar asuba, don ina tsoron kada in faɗa cikin gaba. Ya tuna mini bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne mai fara sallama. Amma ya ce sallama daban, aljihu daban, kuma mumini ba a saransa sau biyu daga rami ɗaya. A kan haka na tsaya. Ranar Juma'a ina tura masa gaisuwa. Idan rasuwa ta same shi zan je, idan yunwa ce ta gaske ta kama 'ya'yansa ba zan kau da kai ba. Abin da na daina shi ne bin mutum da gudu yana tafiyarsa bai waiwayo ba. Tsofaffi sun ce son maso wani ƙoshin wahala, na ɗauka zancen samari da 'yan mata ne kawai, ashe har abota ya shafa.

Abin da ya fi cin raina ba kuɗin ba ne. Cikin shekarun nan sau nawa na ce wa maiɗakina ta yi haƙuri da atamfar salla saboda na tura masa? Haƙƙinta na ɗauka na sayi sunan kirki a wurin wanda bai lura ba. Na nemi gafararta.

Don Allah kada ka shiga tsakani, kada kuma ka biya shi a madadina. Idan yana da magana, lambata ba ta canza ba. Kai kuwa, kuɗin maganin da ka turo tun ban buɗe baki ba, Inna ba ta daina sa maka albarka ba. Ta ce in tambaye ka ko za ka zo babbar salla bana, tana so ta gan ka da idonta. Ka gaida maiɗakinka da yara, da duk Adarawan da ke nan tare da kai.

Naka har kullum,
amininka na Tawa