Auta, Kibiyar Nan Magana Ce

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai ƙafar Ummanku da ka sani, ita ma da sauƙi.

Yayarka ta tsegunta mini yadda gwajin nan ya kaya. Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Ta ce jadawalin gaskiya da ƙarya ka cike shi tsaf, layi 8 ba kuskure ko ɗaya, amma da aka ce ka mayar da p → q (kibiyar nan mai nufin "idan p, to q") da 'yan uwansa jimlolin Turanci, sai ka birkita biyu, ka bar uku fili. Wai har kana ce mata wannan aikin 'yan adabi ne, kai lissafi ka je yi. Makin bai dame ni ba. Wannan furucin naka ne ya hana ni barci.

Ka san sunan fannin kuwa? Manɗiƙi, kuma asalin kalmar a Larabci furuci ne, wato magana. George Boole, wanda ya shimfiɗa lissafin nan a 1847 da 1854, maganar mutane ya ɗauko ya mayar alamomi don a iya auna ta. Kai kuma an ce ka bi sawunsa ka komo gida, ka ce ba aikinka ba ne.

Ka tuna keken? Na ce idan ka ci jarrabawa zan saya maka. To p ke nan da q: cin jarrabawa p, sayen keke q. Hanya ɗaya tak zan zama maƙaryaci: ka ci, in hana ka. Da ka faɗi kuma na saya, kamar yadda aka yi saboda Ummanku ta sa baki, ban saɓa alkawari ba, domin ban ce komai a kan faɗuwa ba. Layuka 4 na kibiya ke nan gaba ɗaya, ɗaya ƙarya, uku gaskiya. Kana ɗan shekara tara ka gane wannan, har ka kafa mini hujja da shi.

Inda nake jin tsoro shi ne tsakanin "if" (idan) da "only if" (sai idan). Idan aka rubuta "p if q", kibiya daga q take tashi ta sauka kan p. Idan aka rubuta "p only if q", daga p take tashi. Kalma ɗaya ce ta shigo, magana ta juya baya. Na farko yana cewa q ya wadatar. Na biyu yana cewa in ba q babu p, amma bai yi maka alkawarin cewa q kaɗai zai kawo p ba. Sharaɗi daban, lamuni daban. Kada ka ce abu ne mai sauƙi: a 1966 Peter Wason ya gwada mutane da kati huɗu a kan jimla mai "idan", mafi yawansu suka kasa, har da 'yan jami'a.

Kawunka fa? Kana ƙarami, amma ka ga abin da takardar nan ta yi wa gidan nan. "Only if" aka rubuta, shi ya karanta "if". Ya cika sharaɗinsa har da gumi, ya je karɓar abinsa, aka nuna masa layin. Takarda ba ta yi ƙarya ba. Ni na raka shi, ni na karanta masa, ni ma ban gani ba, ga ni malamin lissafi. Shi ya sa nake tsare ku da dare ina cewa ku faɗa mini da baki kafin ku rubuta. Kun ɗauka mugunta ce. Har yau yayanka yana gorin bulalar, ni kuwa ban yi nadama ba, ko da yake wataƙila na zafafa.

Kai kuma yanzu ka samu wurin da ni ban samu ba, ka tsaya kana raina abin? Girman kai rawanin tsiya, Auta. Mai jera alamomi bai san me suke cewa ba, aku ne da alƙalami, kuma watarana za a miƙo masa takarda.

To, ya isa. Na san ba ka da lalaci, garaje ne irin nawa.

Ga yadda za ka yi. Ka fara rubuta me p yake nufi, me q yake nufi, cikakkiyar jimla kowanne. Ka nemo babbar alama, wadda ta riƙe sauran, daga ita za ka gina maganar. Ka kula da korewa a gaban baka: ¬(p ∧ q), wato korewar "p da q", ba ya nufin duka biyun ba su faru ba, yana nufin aƙalla ɗaya bai faru ba, dokar De Morgan ke nan. Alamar ∨ kuma "ko" ce mai yarda da duka biyun a tare. "Unless" ka ɗauke ta "idan ba". Da ka gama, ka karanta jimlar da ƙarfi, ka tambayi kanka a wane hali za ta zama ƙarya, ka duba ko ya dace da jadawalin.

Ukun nan da ka bari, ka aiko mini su kafin Juma'a, da Turanci da Hausa. Ummanku ta ce ka daina kwana kan waya, kuma ka kira ta.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka