Mai bishara ya shiga ƙauye da fartanya, amma kar a maida noman tarko

Ya Edita,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da ke yawa yanzu, wato yadda ƙungiyoyin mishan ke tura masu bishara ƙauyuka su kafa coci su kuma koya wa mutane noman da ke kare ƙasa. Ni Kirista ne kuma ina goyon bayan abin nan ɗari bisa ɗari, shi ya sa ma nake so a yi shi da gaskiya.

Ga wanda bai sani ba, noman nan abu uku ne kamar yadda FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bayyana, ba a huɗa ƙasa sai ɗan ramin shuka, ana barin kara da ganye su rufe gonar maimakon a ƙone, sannan ana sauya amfanin gona, bana hatsi baɗi wake ko gyaɗa. A Zimbabwe wani manomi Brian Oldreive ya fara gwada shi a wata babbar gona kusa da Bindura farkon shekarun 1980, daga nan aka samu shirye-shiryen koyar da noma na Foundations for Farming da kuma Farming God's Way, wato noma ta hanyar Allah, da coci-coci da yawa a Afirka ke koyarwa yau. Suna da ɗan fili da suke kira Pfumvudza, mita 39 a tsaye 16 a kwance, layi 52, tsakanin layi da layi santimita 75, tsakanin rami da rami 60, wai kowane layi ya ba iyali masarar sati ɗaya. Ana tona ramukan tun da rani a zuba taki a cikin ramin kawai ba a watsa shi ko'ina ba, ruwan fari na sauka sai shuka. A 2020 gwamnatin Zimbabwe ma ta ɗauke shi ta maida shi shirinta.

To duk wannan yana da kyau. Inda nake da damuwa shi ne wajen da ake haɗa horon da zuwa sujada, a ce iri da taki na waɗanda suka rubuta suna a coci ne, ko a kira taron noma mutane su taru da zuciya ɗaya sai a shafe rabin yini ana wa'azi a ƙarshe a ɗan taɓa maganar gona. Mutanen ƙauye ba yara ba ne, suna ganewa tun ranar farko, wasu za su zo dan irin su tafi ranar da ya ƙare, wasu kuma da suke da nasu addinin za su ƙaurace wa noman gaba ɗaya saboda sun ɗauka tarko ne, alhali gonarsu ma tana zaizayewa kamar ta kowa. Ubangijinmu Yesu da kansa ya ce Allah na saukar da ruwa kan mai adalci da marar adalci, to mu su wa da za mu ce ilimin riƙe ruwan nan a ƙasa sai ɗan ikilisiya? Ka faɗa wa mutane kai waye tun farko, ni mai bishara ne na zo kafa coci, noma kuma ina koya wa kowa ko ka zo sujada ko ba ka zo ba. Shi kenan.

Abin da ya faru a Maradi ya isa darasi. Tony Rinaudo ɗan Ostiraliya ma'aikacin mishan ɗin SIM ne a can a lokacin, wajen 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sharewa lokacin sassabe ba ciyawa ba ce, tohon itatuwa ne daga kututturen da saiwarsu na nan da rai a ƙasa, in ka bar rassa kaɗan masu ƙarfi ka datse sauran itacen zai tashi. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare itatuwan, ka ga abin da aka yi dan buhu bai daɗe ba kenan. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga itacen girki da abincin dabbobi da gonar da iska ba ta binne shuka, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 a Nijar, sassabin zamani suke ce masa, kuma akasarin waɗanda suka yi aikin nan Musulmi ne, ba wanda ya tambaye su takardar baftisma. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso mai ramukan zai, wato ramukan shuka masu tara ruwa da taki.

Sai kuma maganar gaskiya kan wahalar abin, dan wasu masu horarwa suna magana kamar da ka rufe gona da kara shi kenan rumbu ya cika. Ba haka ba ne. Karan da ake cewa a bari a gona shi ne abincin shanu da awaki da rani, shi ne makamashi a gidaje da yawa, in ka bar naka dabbobin wani su cinye ko wutar daji ta lashe, kuma nan ne rigima ke tashi in ba a zauna da masu kiwo da shugabannin gari an yi yarjejeniya ba. Gara na cin karan da aka shimfiɗa a gona da wuri. Ciyawa a shekarun farko tana yawa tunda ba huɗa, ciranta kuma galibi kan mata da yara yake faɗawa, ga tonon rami a busasshiyar ƙasa da zafin rana. In aka gaya wa manomi wai wannan ne noman Allah sannan damina ta yi gardama gonar ba ta yi ba, me kake so ya ɗauka? Ko ya ce bangaskiyarsa ce ta gaza ko ya ce an yaudare shi, duka biyun ba su yi wa bishara daɗi ba. A ce masa ya fara da ɗan yanki, ya bar sauran yadda ya saba, ya kwatanta da idonsa lokacin kaka.

Kuma dan Allah a daina tura mai bishara da horon sati guda a ce ya zama malamin gona. Makarantun Baibul su sa noman nan cikin karatu sosai, a haɗa su da malaman gona na gwamnati, shi kansa ya samu gonarsa a bakin hanya inda kowa zai wuce ya leƙa, ya ci daga guminsa kamar yadda manzo Bulus ya riƙe kansa da ɗinkin tanti, dan ƙaramar ikilisiyar ƙauye ba ta iya biyan albashin fasto.

Roƙona gare ka Edita, in wakilanku za su ɗauko labarin irin wannan shiri kar su tsaya a ranar buɗe taro da hotunan rabon iri, su koma bayan damina uku su tambayi matan garin da makiyaya, su ƙirga mutum nawa ne har yanzu ke tona rami ba tare da an ba su komai ba.

Na gode,
Wani mai karanta jaridarku