A Sanya Zaman Masana'anta Cikin Digiri Na Biyu Na Kimiyyar Sinadarai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida domin mu isar da saƙo ga shugabannin sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu, da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC), da masu masana'antu na Arewa. Mu malamai ne da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje, kuma buƙatarmu guda ce: ɗalibin digiri na biyu a wannan fanni ya yi wata shida yana aiki a masana'anta ko ɗakin gwajin wata hukuma, ana biyansa, ana ba shi maki, kafin ya zauna rubuta kundinsa.

Ga yadda abin yake tafiya a yanzu a wurare da dama. Ɗalibi ya gama darussan aji na zango biyu, ya ɗebo ruwan rijiya ko alayyahun da aka noma a bakin magudana, ya narkar da samfurin da asid, ya zuba a kwalabe, ya kai wani ɗakin gwaji ya biya kuɗi. Bayan mako biyu a miƙo masa takarda mai ɗauke da lambobi. Bai kunna wutar na'urar AAS mai auna ƙarafa a cikin samfur da hannunsa ba, bai san ko fitilar awon dalmar da aka yi aiki da ita ta tsufa ba, bai san ko an gwada samfurin wofi, wato wanda babu abin da ake nema a cikinsa, tare da nasa ba. Ba laifinsa ba ne. Iskar asetilin da na'urar take ƙonawa tana da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuma mai kula da na'urar yana da hujjar hana kowa taɓa ta, don in ta lalace sai a shekara ba a gyara ba. Amma ƙarshen abin shi ne a yaye mutum da shaidar ƙwarewa a awon sinadarai, alhali ba zai iya kare lamba ɗaya daga cikin lambobin da ke kundinsa ba.

Wannan tsari da muke kira gare shi ya daɗe a duniya. Herman Schneider ne ya fara shi a Jami'ar Sinsinati ta Amurka a 1906, inda ɗaliban injiniya suke karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta. Jami'ar Watalu ta Kanada ta ginu a kansa tun 1957, da zangon aiki na wata huɗu-huɗu da ake biyan ɗalibi albashi. Faransa kuwa tun 1981 take da shirin CIFRE, inda kamfani ke ɗaukar ɗalibin digiri na uku aiki na shekara uku, gwamnati tana tallafa wa kamfanin, jami'a tana duba binciken. Mu ma muna da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki, da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu (ITF) ta kafa a 1973, wanda ɗalibai ke kira IT, sai dai a jami'a na masu digiri na farko ne, kuma kowa ya san yadda yakan ƙare ga wasu: a cike littafin rahoto a mako na ƙarshe, a nemi hatimi. Idan haka za a kwafo a ɗora wa digiri na biyu, gara a bar shi. Ɗalibin IT yana zuwa ne ya gani. Na digiri na biyu kuwa, matsala za a damƙa masa wadda mai kamfani yake asarar kuɗi a kanta.

Lokacin da ya dace shi ne bayan zango na biyu, an gama darussa, an ci jarrabawa, kafin a amince da taken bincike. In an tura shi da wuri, ba shi da abin da zai bayar. In an bari sai ya yi nisa da aikin kundi, zai ɗauki zaman a matsayin ɓata lokaci. Wata shida kuma muka ce, don wata uku ba ya isa. Watan farko yana tafiya ne a koyon dokokin kariya da sanin inda komai yake. A kamfanin siminti, irin na Kalambaina a Sakkwato ko na Ashaka a Gombe, ana auna ƙarfin siminti a kwana 2, da 7, da 28. Wanda ya canza wani abu a haɗin sai ya jira kwana 28 kafin ya ga sakamako, sannan ya maimaita aƙalla sau biyu kafin ya buɗe baki. A matatar ruwa irin ta Tamburawa, adadin alif da ruwan rani yake buƙata ba shi ne na ruwan damina ba, lokacin da kogi ya ɗauko laka. Ɗalibin da bai ga yanayin biyu ba, rabin aikin ya gani. Saboda haka ma a tsara zaman masu aikin ruwa ya ratsa daga Afrilu zuwa Satumba.

Bari mu tsaya kan misali ɗaya, na kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa a Kano, don a ga irin matsalar da muke nufi. Ana jeme fata da gishirin kuromiyam. Ana fara jiƙa ta a asid da gishiri har tsamin ya kai kusan 3 a ma'aunin tsami na pH, a zuba kuromiyam ya ratsa, sannan a ɗaga pH a hankali zuwa wajen 3.8 ko 4 don ya kama. In an yi gaggawar ɗagawa, kuromiyam ya daskare a saman fata, ta yi dabbare-dabbare, cikinta kuma bai jemu ba, a jefa yanki a tafasasshen ruwa ya tsuke. A jima irin ta yau da kullum, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuromiyam ɗin ba ya shiga fata, yana bin ruwan da ake zubarwa. Wannan kuɗin mai kamfani ne yake bin magudana, kuma guba ce ga masu noman lambu da ke ƙasa. Ana iya kwantar da shi da sinadarin magnesiyam oksayid, a tace, a sake narkarwa da asid ɗin salfa, a mayar cikin ganga. Amma nawa za a zuba, tsawon wane lokaci za a bari ya kwanta, sau nawa za a sake amfani da shi kafin ingancin fata ya faɗi, duk sai an auna a wurin, da ruwan wannan kamfanin. Akwai kuma kuromiyam mai lamba shida, nau'in da ke da haɗari, wanda kan ɓullo a fatar da aka gama idan man da aka shafa mata ya lalace saboda zafi. Tarayyar Turai tun 2015 ba ta karɓar kayan fata masu taɓa jiki in ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Ɗalibi ɗaya mai natsuwa, da na'urar auna launi da aka saita a nanomita 540, zai iya gano a wane mataki yake ɓullowa. Wannan kundin digiri na biyu ne cikakke, kuma ga cibiyar kimiyyar fata ta NILEST a Samaru da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, duk a Zariya, da za su iya ba da gudummawar kayan aiki.

Haka batun amfanin gona. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari. A gyaɗa kuwa, gubar afulatoksin da funfuna ke haifarwa ba ta bazuwa daidai a buhu, takan taru a 'yan ƙwayoyi kaɗan. Wanda ya ɗebi tafi ɗaya daga bakin buhu ya kai wa na'ura mafi tsada a duniya, amsar banza zai samu. Kuskuren ɗibar samfur ya fi na na'ura girma nesa, kuma ba a gane haka sai an tsaya a sito ana soka buhuna daga sama, tsakiya da ƙasa, a haɗa, a niƙe duka, sannan a ɗebi na gwaji.

Abin da ɗalibi zai fi ƙaruwa da shi, a ganinmu, shi ne ladabin aiki na ɗakin gwajin da ke bin ƙa'idar ingancin awo ta duniya, ISO 17025. Kowane samfur da lambarsa da sa hannun wanda ya karɓa. Ruwan da za a auna ƙarafa a cikinsa, a robar da aka wanke da asid ake zubawa, a ɗiga masa asid ɗin naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen ya manne a jikin kwalba a samu adadi ƙasa da gaskiya. Gwajin BOD, na auna ƙazantar ruwa, kwana biyar yake yi a zafin digiri 20 na Salsiyas, in wuta ta ɗauke dare ɗaya a watan Afrilu sai a zubar a sake. Ana rubutu da biro a littafi mai lambar shafi, kuskure a ja masa layi ɗaya a sa hannu, ba a gogewa. Ana cusa samfurin da aka san adadinsa a cikin jerin, in na'ura ba ta dawo da shi daidai ba, duk jerin ya tashi. Waɗannan ba a koyonsu daga allo.

Inda irin wannan shiri yake rushewa shi ne wajen abin da ba a rubuta ba tun farko, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ɗalibi ya taka ƙofar kamfani, a sa hannu a yarjejeniya ta mutum uku: jami'a, kamfani, ɗalibi. Shafi uku ko huɗu sun isa. A rubuta matsalar da zai yi aiki a kanta cikin sakin layi ɗaya, da sunan na'urorin da za a bar shi ya taɓa. A rubuta cewa aƙalla rabin lokacinsa na wannan matsala ne, don in ba a faɗa ba, ranar da ma'aikaci ya tafi hutu za a mayar da shi mai wanke kwalabe da awon yau da kullum har wata shidan ya ƙare.

Batun sirri shi ya fi kawo rigima. Kamfani ba zai so a buga haɗinsa ko adadin gubar da ke ruwan da yake zubarwa ba, jami'a kuwa dole kundi ya je hannun mai jarrabawa na waje, ya kuma shiga laburare. Maganinsa a amince tun farko: kamfani yana da kwana 30 ya karanta kundin ya nuna abin da yake sirrin kasuwanci ne, a sakaya sunansa, a ɓoye ainihin haɗin, in ya cancanta a jinkirta ajiye kundin a fili na shekara ɗaya. Amma ba shi da ikon hana ɗalibi kare kundinsa, ba shi da ikon sa a canza lamba. In kuma aikin ya haifar da abin da za a yi wa rajistar mallaka, a rubuta yadda za a raba tun ba a same shi ba.

Sai alawus. Mun tsaya a kan cewa a biya, kuma kada ya gaza mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Dalili biyu ne. Ɗalibin da zai bar Zariya ya zauna a kamfanin siminti na Obajana ko na sukari a Numan yana buƙatar ɗaki da abinci, in babu biya 'ya'yan masu hali kaɗai za su je. Sannan kamfanin da yake biya yana tambayar me aka yi da kuɗinsa, wanda aka ba shi ɗalibi kyauta kuwa yakan manta da shi a wani lungu. A kuma rubuta wa ke ɗaukar nauyin magani in asid ya fallatsa a ido ko wani abu ya fashe, domin ɗalibi ba cikakken ma'aikaci ba ne, kuma a nan ne kowane ɓangare yake zamewa. Tabarau na kariya, safar hannu, takalmi da rigar aiki, na kamfani ne. Ɗaliba mai juna biyu ko mai shayarwa kada a ajiye ta inda ake aiki da dalma ko sinadarai masu tashi a iska, a sauya mata wuri ko a ɗage mata zaman ba tare da ta rasa shekara ba. Bayan abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba ma buƙatar a tuna mana illarta.

Masu duba aiki su zama biyu, ɗaya a jami'a, ɗaya a kamfani, kuma na kamfanin ya kasance mai digiri a fannin wanda yake shiga ɗakin gwajin kullum. Malamin jami'a ya je da ƙafarsa sau biyu, a mako na huɗu da kuma wata na huɗu. Ta farkon ce mai muhimmanci, don a lokacin ake gane an kauce kuma akwai sauran damar gyara. Kuɗin motar wannan ziyara a sa shi a kasafin sashe, in an bar wa malami ya biya daga aljihunsa ba za a je ba. Makin kuma a raba shi: kashi 30 daga mai duba aiki na kamfani, 30 daga littafin gwaji na asali da ɗalibi ya rubuta da hannunsa, 40 daga rahoto da jawabin da zai yi a gaban sashe, inda za a ɗauko lamba ɗaya a ce ya bi ta baya har zuwa kwalbar da ta fito.

Da yawa daga masu digiri na biyu a wannan fanni malaman sakandare ne ko ma'aikatan gwamnati da ba za su samu hutun wata shida ba. Saboda su, a fara da shi a matsayin zaɓi, hanya biyu a digiri ɗaya, kuma a rubuta a takardar sakamako wanda ya bi ta masana'anta. Wanda yake aiki a ɗakin gwaji dama, ana iya lissafa masa wurin aikinsa, muddin an ba shi sabuwar matsala da ba aikinsa na kullum ba. Kalandar zaman kuma ta bi ta kamfani. Yajin aikin jami'o'i na 2022 ya kai wata takwas, kamfani ba zai ajiye gurbi yana jiran a buɗe makaranta ba, don haka a rubuta cewa wanda ya fara zama zai ƙarasa ko an rufe jami'a.

Kada wani sashe ya ce zai tura ɗalibai hamsin a shekarar farko. Guraben kirki ba su da yawa, musamman yanzu da masaƙu da dama na Kaduna da Kano suka rufe. A fara da biyar zuwa takwas, a wurare uku ko huɗu da aka je aka gani da ido: hukumar ruwa ta jiha, ɗakunan gwajin NAFDAC da SON, kamfanonin siminti, sukari, man girki, taki da fata. A naɗa malami ɗaya mai kula da shirin, a rage masa darasi, domin neman gurbi da bin yarjejeniya aiki ne mai cin lokaci.

Muna kira ga kwamitocin sassa su kai wannan gaban makarantun karatun gaba da digiri na farko da majalisun jami'o'insu a wannan zangon. NUC ta ware masa maki a ƙa'idojin digiri na biyu, ITF da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund su ɗauki rabin alawus na shekara uku na farko don ƙananan kamfanoni su shigo, ICCON da IPAN, hukumomin da ke yi wa masana sinadarai da masu awo rajista, kuma su lissafa wata shidan cikin ƙwarewar aiki da suke nema wajen yi wa mutum rajista.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman kimiyyar sinadarai da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje,
Kano da Zariya.