Zuwa ga kamfanin da ya ba ni hayar mota: mil 395 ɗin nan ba ni na yi su ba

Zuwa ga manajan sashen kula da kwastomomi,

Ina rubuto muku wannan a bainar jama'a ne saboda duk imel ɗin da na tura amsa ɗaya ake dawo min da ita, wai an duba lissafi daidai yake, in kuma na buga waya duk wanda ya ɗauka sai ya ce ba ɓangarensa ba ne, ya tura ni wani layin, can ma haka. Ban kama sunanku ba, kun san kanku, lambar kwantiragina tana jikin ƙorafin da na shigar a rubuce. Na sa shi da Hausa kuma saboda 'yan uwanmu da ke nan Ingila, musamman mu masu aikin jinya da masu kula da tsofaffi, da yawa yanzu irin wannan hayar ta shekaru suke ɗauka don ba kowa ke da kuɗin sayen sabuwar mota lakadan ba, kuma aikin dare ba ya yiwuwa da jiran bas.

Yarjejeniyarmu a fili take. Shekara 3, mil 8,000 a shekara, wato mil 24,000 gaba ɗaya, duk mil ɗin da ya haura kwabo 15 na Ingila, a ɗora harajin VAT kashi 20 a kai. Na karanta, na yarda, na sa hannu, kuma wata 36 ɗin nan ba wanda kuɗinku ya yi latti ko na kwana ɗaya. Toh maganar ita ce, daga ina aka fara ƙirga, kuma a ina aka tsaya.

Ranar da aka kawo min motar nan Manchesta ba a tirela ta zo ba, tuƙo ta aka yi tun daga wajen dillalin da ke Southampton. Wani dattijo ne direban, da jan lambar nan ta dillalai a maƙale gaba da baya, gilashin gaba duk matattun ƙwarin hanya, fitilar mai ma a kunne take, yana gama miƙa min makulli ya tambaye ni inda zai samu taragon da zai kai shi tashar Piccadilly don ya kama jirgin komawa. Kafin ya tafi ya kunna motar muka leƙa tare, maleji yana nuna 241. Ya rubuta 241 a na'urar hannunsa, na sa hannu da yatsa a ƙasan lambar, na kuma ɗauki hoton malejin da wayata, hoton yana nan da kwanan wata a jikinsa. Na tambaye shi ko wannan zai shiga cikin nawa, ya ce a'a, daga nan ake fara min ƙirga. Ba ma maganar bakinsa kaɗai ba, takardarku ma haka ta ce, tafiyar da aka yi kafin a damƙa min mota ba ta cikin lissafi.

Ni ban ga laifin tuƙo mota a kawo ba, na san ya fi araha a kan ɗora ta a tirela, shi ya sa ma kuke iya cewa kawowa kyauta ce. Amma in kun ce kyauta ce sannan bayan shekara uku kuka dawo kuka caje ni kwabo 15 a kan kowane mil na hanyar Southampton zuwa ƙofar gidana, to ai ni na biya kuɗin kawowar kenan, an dai jinkirta min ne kawai. Kamar ka je awo ne a ce maka mudun farko ya zube a hanyar kawowa daga ƙauye amma kai za ka biya shi, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga buhunka ba.

Sai kuma ranar karɓa. Wanda kuka turo ya zo da safe ina dawowa daga aikin dare, idona ko rintsawa bai yi ba amma na tsaya muka zagaye motar tare. Ya auna zanen tayoyi, ya haska jikin ƙofofi da tocila, ya duba makulli biyun da takardun sabis, ya ɗaga but ya ƙirga kayan ciki. Ya ce ba wani lahani sai ɗan ƙarzane da ke cikin abin da aka yafe. Maleji 24,853. Shi ma ya rubuta, na sa hannu, na ɗauki hoto, har da hannunsa a kan sitiyari ya fito a hoton. Ya ja motar ya tafi ina kallo.

Da bil ya zo sai na ga 25,007.

Wallahi da farko na ɗauka motar wani aka haɗa min da ita. Sai da na matsa sannan wata daga cikin ma'aikatanku ta faɗa min cewa wannan lambar an ɗauke ta ne a filin gwanjon da aka kai motar. Wato direbanku ya tuƙa ta mil 154 daga gidana zuwa inda ku kuka zaɓa za ku sayar da ita, makulli ba ya hannuna, ban ma san wane gari aka nufa da ita ba, kuma shi ma an jibga min. Kun fara ƙirga daga sifili maimakon 241, kun tsaya a 25,007 maimakon 24,853, kun ci gaba kun ci baya.

Ga lissafin don kowa ya gani. 24,853 a cire 241, saura 24,612. A cire 24,000 da aka yarje min, abin da na haura mil 612 ne. A kwabo 15 ya kama fam 91.80, da VAT fam 110.16. Wannan nawa ne, ban taɓa cewa ba zan biya ba, tun a imel ɗin farko na ce ku turo min bil ɗinsa in biya nan take. Ku kuma kun caje ni mil 1,007, fam 181.26. Bambancin mil 395 ne, fam 71.10, kuma duka direbobinku ne suka yi su.

Na san wani zai ce fam saba'in ne fa, ki biya ki huta. Maigidana ma haka ya ce da farko. Amma fam saba'in a wurin mai tsayuwar awa goma sha biyu a kan marasa lafiya ba abin yarwa ba ne, akwai masu jiran ɗan abin da nake turawa gida duk wata, sannan ku ninka wannan da yawan motocin da kuke karɓa ku ga nawa ake kwasa daga mutanen da ba su ɗauki hoton maleji ba. Ni Allah ya taimake ni ina da hoto. Wanda ba shi da shi fa, da me zai yi musu da ku?

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wasiƙar da ta biyo baya, wadda kuka ce in ban biya ba za a iya kai sunana wurin kamfanonin da ke riƙe tarihin bashi. Duk wanda ke ƙasar nan ya san me wannan ke nufi. Tabo ɗaya a Experian ko Equifax ko TransUnion shekara 6 yake yi a jikin sunan mutum, ya hana shi bashin gida, ya sa mai gidan haya ya juya masa baya, wani lokacin ko kwantiragin waya sai ya gagara. Mu da muka zo ƙasar nan ba mu da tarihin komai, da kyar da jiɓin goshi muka gina shi, kuma muna cikin tara kuɗin ajiya na sayen gida, sai a zo a razana ni da wannan a kan kuɗin da nake ƙorafi a kansu a rubuce kuma ba a ba ni amsa ba. Daren da na karanta wasiƙar nan ban iya cin abinci ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma ba daidai ba ne.

Akwai kuma maganar ƙarin mil ɗin da na nema. A shekara ta biyu an mayar da ni wani asibitin da ya fi nisa da gida, na lissafa na ga 8,000 ba za ta ishe ni ba, na kira ku na ce a ƙara min zuwa 9,000 a daidaita kuɗin wata. Aka ce in bari tukun, za a turo min sabon farashi. Bai zo ba. Da na sake nema daga baya sai aka ce ai an shiga watannin ƙarshe, ba a canza komai yanzu. Kuna naɗar duk kiran waya, ku da kanku kuke faɗa a farkon kowane kira, to ku saurara. Kuma abin da ban gane ba, ƙawata da muke aiki tare ta mayar muku da tata motar da ragowar dubban mil da ba ta ci ba, ko kwabo ba a mayar mata ba, an ce haka tsarin yake. Toh in wanda ya rage ba ya samun komai, wanda ya haura kuma ana bin sa har kwabon ƙarshe, ai mafi ƙarancin adalci shi ne a ƙirga masa abin da ya tuƙa da kansa kawai.

Ku ne kuka fi ni sanin doka. Dokar Consumer Rights Act ta 2015 ta ce sharuɗɗan da ake ba kwastoma su zama a bayyane kuma babu zalunci a ciki. Tun 31 ga Yulin 2023 FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin harkar kuɗi, ta ɗora muku ƙa'idar Consumer Duty, ku yi wa kwastoma gaskiya, ku kauce wa cutar da shi in ana iya hango ta. A ƙasan takardunku akwai tambarin BVRLA, ƙungiyar masu ba da hayar motoci, wadda ke da nata tsarin sasanta rikici tsakanin mambobinta da kwastomomi. Kuma na san kuna da mako 8 daga ranar da na shigar da ƙorafi ku ba ni amsar ƙarshe, in ba ta zo ba ko ba ta gamsar da ni ba zan wuce Financial Ombudsman Service, ofishin da ke raba gardama tsakanin kwastomomi da kamfanonin harkar kuɗi, kyauta ne, kuma ina da wata 6 daga ranar amsar taku. Ban so a kai can ba, hutuna kaɗan ne, na fi so in yi shi da yarana, amma zan je.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Ku soke bil ɗin fam 181.26 ku turo na fam 110.16, ranar da ya zo ranar zan biya. Ku rubuto min a takarda cewa ba ku kai sunana ko'ina ba kuma ba za ku kai ba muddin maganar nan ba ta ƙare ba, in kuma har kun riga kun kai to ku janye. Kada ku taɓa asusuna da dairek debit a kan kuɗin da ake jayayya a kansu, in kuka cira zan sa banki ya dawo min da su a ƙarƙashin garantin da ke kansa. Ina kuma son kwafin takardar kawo mota da ta karɓar mota, duka masu sa hannuna, da naɗin kiran da na yi a kan ƙarin mil, haƙƙina ne a dokar kare bayanai kuma wata ɗaya kuke da shi ku ba ni.

Sannan dan Allah ku gyara yadda kuke fitar da bil ɗin nan. Ku riƙa rubuta lambobi uku a jikinsa ƙarara, malejin ranar kawowa, malejin ranar karɓa a ƙofar kwastoma, da abin da aka yarje masa, yadda ko wanda ya dawo daga aikin dare a gajiye zai iya dubawa da kalkuletar wayarsa ya gane. Nawa bil ɗin lamba ɗaya ce kawai a jikinsa da jimlar kuɗi, ba a ma nuna inda aka samo ta ba.

Hotunan biyu suna haɗe da imel ɗin da na sake turo muku yau da safe. Ina jiran amsa a rubuce, ba ta waya ba.

Kwastomarku,
wata ma'aikaciyar jinya a Manchesta